A Mayar da Ita Aji Uku

"A mayar da ita aji uku," in ji manomin, ya ajiye sakamakon jarrabawar 'yarsa a teburin hedimasta.

Hedimastan ya yi dariya. "Haba malam, ta biyu fa ta zo a aji shida! Duk Buji ba wanda ya taɓa roƙon haka."

"Jiya na nuna mata rubutun buhun taki ta karanta mini, sai ta tsaya tana kallona."

"Ai dai za ta samu satifiket."

Manomin ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihu, ya warware ta a hankali.

"Ga nawa, ranka ya daɗe, na makarantar nan. Shekara goma sha takwas ina ajiye da shi. Karanta mini, ni ma in ji abin da aka rubuta."