Baƙin Mai a Hannun Mai Fito

Nafi'u, tun ɗazu kake ta kewaye-kewaye, ni kuwa na riga na gane inda ka dosa. Kamfanin kwamfutar da kake wa aiki ya kama hanyar durƙushewa, masu kawo aiki sun ja baya, abokan aikinka sun watse ɗaya bayan ɗaya. Kai kuma ka shiga koyon haɗa manhajar waya a ɓoye, kana ta sanɗa kamar ɓarawon kaza, domin mai kamfanin ya riƙe ka da mutunci, kana ganin in ka bar shi ka zama butulu. Wannan kunyar ba a ƙasa ka tsince ta ba, ta mahaifiyarka ce, ƙanwata, Allah Ya jiƙanta. Gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani tsoho mai fito a bakin wani kogi, yana da kwale-kwale ɗaya da wani mutum da ke tuƙa masa. Mutumin magidanci ne da mata da 'ya'ya, amma tun bai iya riƙe filafilin tuƙa jirgi ba tsohon ya ɗauke shi. Shi ya koya masa halin ruwa, shi ya tsaya masa a wajen aure. Ana nan sai aka fara gina gada can gaba da mashigarsu. Mutanen gari suka ce ai aikin hukuma ne, jikokinsu ma ba lallai su ga ƙarshensa ba. Shi dai mutumin nan duk lokacin da ya haye da fasinja sai ya waiga, ya ga ginshiƙin gadar ya ƙara tsawo. Ya kuma lura da wani abu: manoman rani kan ɗauko injinan ban ruwa da suka lalace, su sa a jirgi a haye da su wurin wani bakanike a ƙetare, kayan gona suna can suna ƙonewa kafin a dawo. Sai ya fara zuwa wurin bakaniken nan bayan an tashi daga fito. Da furfura a gemunsa ya durƙusa yana wanke ƙarafa a cikin fetur, samarin gareji suna yi masa dariya, suna cewa baba ya zo neman ilimi bayan an tashi makaranta. Ya haɗiye, ya ci gaba. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo, har ya kai yakan ji tarin inji ya faɗi abin da ke damunsa. Duk wannan bai gaya wa tsohon ba. Kullum da safe sai ya dirje hannuwansa da yashi da toka kafin ya isa gaɓa, kada a ga baƙin mai a farcensa.

Gada ta ƙare, aka buɗe ta. Masu babur da motocin kasuwa suka kwashe fasinja, sai jifa-jifa wata tsohuwa mai tsoron hawa sama ta zo a haye da ita. Amma tsohon bai fasa fitowa ba ko rana ɗaya, yana jan ƙafa da ciwon gwiwa, ya kwance igiyar jirgi, su zauna su biyu suna kallon ruwa. Ɗan abin da aka samu kuwa, sai ya tura wa mutumin mafi yawa. A lokacin manoma sun fara aiko wa mutumin har gida, aiki na jiransa a fadama, shi kuma kunya ta ɗaure shi a bakin kogi. Sai da ya ga tukunyar gidansa ta fara kwana a kife, sannan ya yi ta maza. Ya sunkuyar da kai, ya faɗa wa tsohon komai, yana ta neman gafara kamar wanda ya yi kisan kai. Tsohon ya kamo hannunsa, ya juya shi, ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, jirgin nan tsawonsa taku nawa ne, da zan kasa jin warin fetur a jikinka? Tun ranar farko na sani, na yi ta yi maka addu'a. Ni ƙafafuna sun daɗe da gama aiki, 'ya'yana suna ta roƙona in zauna gida. Saboda kai nake fitowa, ina jira hannunka ya nuna a gyaran inji." Ran nan su biyu suka jawo kwale-kwalen suka kife shi a tudu, mutumin yana ta share hawaye da gefen riga.

To ka gani, Nafi'u. Shi yana zaune don kada ya yar da tsoho, tsoho yana zaune don kada ya yar da shi. Ban ce lallai haka maigidanka yake ba, zuciyar mutum Allah kaɗai Ya san ta. Amma wanda ya so ka da gaskiya ba zai so ka nutse tare da shi ba, kuma barin aiki daban, barin zumunci daban. Abin da nake so ka riƙe shi ne, da mutumin nan ya tsaya sai an buɗe gada sannan ya je neman koyo, da shi bai tsira ba, da tsohon ma bai huta ba. Ka je ka ƙarasa karatunka, ka daina ɓoyewa, ka sami maigidan naka ka gaya masa da bakinka. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.