Aljihun Durowar da Ba Na Sayarwa Ba

"Dala goma na ce. In ya yi maka tsada, ga hanya nan, ba ni na tare ta ba."

Ɗan yawon buɗe idon ya biya, ya ɗauki tsohuwar lambar mota ya fita yana ƙunƙuni. Orvetta ba ta bi shi da kallo ba. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da shagon tsofaffin kayan nan a bakin Hanya ta 66, a wani ƙauyen New Mexico da sabon babban titi ya kewaye ya bar shi da karnuka da tsofaffi. A da gidan mai ne, a nan ta girma. Yanzu baƙi ke zuwa daga Jamus da Japan su ɗauki hoton kwalta, su sayi tsatsa.

Komai na shagon na sayarwa ne, ban da wani aljihun durowa mai mariƙin tagulla kamar ganye, wanda take zuba katunan hoto a ciki a ƙarƙashin kantar shagon. Ragi kuwa ba ta taɓa yi wa kowa ba. Har faston garin ya haƙura.

Da hantsi wani tsoho ya shigo yana dogara sanda, yana tari. Ya ce sunansa Delbert Tull, daga Bakersfield.

"Dattijo, in ruwan sanyi ne, shi ma da kuɗinsa."

"Baiwar Allah, kabari nake nema."

Ya zauna a kan akwatin lemo ba tare da an ce ya zauna ba. A 1936, in ji shi, fari ya cinye gonarsu a Oklahoma, suka ɗaure katifa da durowa a kan mota suka nufi California, kamar kowa. Yana ɗan shekara takwas. A wannan gidan man tayoyinsu biyu suka fashe. Aka tura yara bakin rafi su yi wasa, da suka dawo an sa sababbin tayoyi, jaririyar ƙanwarsu Lottie kuma babu ita.

"Mama ta ce zazzaɓi ne. Lottie ba ta da gado, a aljihun durowa take kwana, to a cikinsa suka binne ta."

Ya miƙo hoto. Durowa ce mai aljihu huɗu da mariƙan tagulla kamar ganye, na ƙasan babu, sai rami baƙi.

"Shekara arba'in Mama tana goge ta, ba ta yarda an cike gurbin ba. Likita ya ce ba zan ga hunturu ba. Fure kawai nake so in ajiye."

Orvetta ta daɗe tana kallon hoton. Ta cire gyalenta ta jefa a kan aljihun durowar da ke ƙarƙashin kantar, ta ce zafi ya yi yawa.

"Mamarku tana maganarta?" ta tambaya.

"Kullum. Har ranar da ta mutu. Uwarmu ko tsohon cokali ba ta iya yarwa, balle ɗa. Da Lottie ta rayu, da a baya za ta goya ta har California."

Ya yi murmushi, haƙoransa na gaba da wushirya. Orvetta ta tsuke bakinta, ta ɓoye tata wushiryar.

Ta kai shi bayan shago, gindin wata itaciya inda babu komai sai ciyawa da gwangwanaye.

"Nan ne. Mai gidan man ya nuna min."

Tsohon ya durƙusa da ƙyar. Ya yi kuka irin na yara, yana shafa ƙasa, yana cewa, "Lottie, yayanki ne, na zo." Orvetta ta tsaya a bayansa, hannunta ya kusa taɓa kafaɗarsa, sai ta mayar da shi aljihu.

Da zai tafi ta cika masa gora da ruwan sanyi. Ya laluba walat.

"Bar shi."

"An ce min ba kya ragi."

"Na ce bar shi. Ka tuƙa a hankali, hanyar ta lalace bayan gada."

Ta tsaya a bakin kwalta har motar ta ɓace ta yamma, inda duk motoci suke ɓacewa. Sannan ta koma ciki, ta ɗage gyalen, ta zazzage katunan, ta ɗora aljihun durowar a cinyarta.

"Sauka lafiya, Yaya," ta ce.

Gara ya mutu yana tuna uwarsa yadda ya san ta. Ba daga bakinta zai ji cewa da rai aka miƙa Lottie, wato ita kanta, ga mai gidan man da matarsa marasa haihuwa, a cikin wannan aljihun, a bakin tayoyi biyu ba.