Jan Galura a Hannun Siddiƙ

Hinde ta fi ƙanwarta Ruwaida duk abin da ido ke gani. Gidanta na siminti ne a Tambuwal, ga firji ga kujeru, mijinta Abdulganiyyu akawu ne a ƙaramar hukuma. Sai dai in ya taso daga aiki, ci zai yi, ya danna waya, ya fice. Wata rana maganar da ke haɗa su ba ta wuce "Ina ruwan wanka?"

Ruwaida kuwa tana Kebbe, garinsu na haihuwa, a ɗaki biyu na ƙasa, ita da mijinta Siddiƙ manomi da 'yarsu Anisa. Saƙar faifai take yi. Hinde ce ma ta koya mata tun suna 'yan mata, amma da ta auri ma'aikaci sai ta ce aikin ƙauye ne, ta watsar.

Wani suna ya kai Hinde Kebbe, ta sauka wurin ƙanwarta. Bayan la'asar sai ga Siddiƙ ya dawo daga gona da damin kaba a bayan babur. Ya gaishe ta, ya jawo turmi ya zauna, ya tsaga kabar, ya shiga tsoma ta cikin tukunyar jan galura da hannunsa.

Ruwaida ta leƙa tukunyar ta ce, "Baban Anisa, wanga ja ya yi duhu. Faifai za ni yi, ba yankan layya ba."

Ya ce, "Ji ta! Yaya Hinde, ki yi muna shari'a. Rannan tauraro tas saƙa, yaf fito kamar kwaɗo."

Ruwaida ta ce, "Kwaɗon nan dai shi anka fara ɗauka ran kasuwa."

Suka tuntsire da dariya har ta buga masa faifai a kafaɗa. Hinde ta yi yaƙe. Shekararta tara da aure, ba a taɓa tsokanarta haka ba. Tuwon da aka kawo mata ma loma biyu ta yi ta ture.

Washegari a gidan suna mata suka yi ta juya faifan da Ruwaida ta kawo wa maijego suna yabawa. Wata ta ce, "Ruwaida kam ta yi dacen miji." A lokacin Ruwaida ta fita taya rabon abinci. Hinde ta taɓe baki.

Ta ce, "Dace? Ku dubi hannunshi in kun gamu da shi. Ja wur! Har lalle taka ƙunsa mashi. In ba mijin-ta-ce ba, wane namiji ka zama tsakar gida yana rina kaba? Ni dai ban ce an ba shi wani abu ya ci ba."

Aka kwashe da shewa. Gwaggon Siddiƙ na zaune a bakin ƙofa, ita ba ta yi dariya ba.

Hinde ta hau mota ta koma Tambuwal zuciyarta wasai. Maganar ce ba ta bar Kebbe ba. Kafin sati ta kai majalisar su Siddiƙ. Siddiƙ na miƙa hannu zai gaisa, abokinsa Ɗanmaliki ya riƙe ya ɗaga sama ya ce, "Jama'a, ku taho ku ga ƙunshin amarya!" Daga ranar sai ya riƙa ɓoye hannu a aljihu. Ya goge da toka, ya goge da yashi har fata ta saɓule, galura ba ta fita da wuri.

Mahaifiyarsa ta kira shi ta ce, "An ce ɗiyar mutane ta shanye ka. In na sake jin ka taɓa kaba, ban yafe ba."

Ya daina. Ya daina zama gida bayan la'asar, don kada a ce. In Ruwaida ta jefo masa wasa sai ya waiga ko wani na ji a bayan danga. Ita ma ta daina tsokanarsa. Ana gama girbi, mutumin da bai taɓa zuwa cin rani ba ya ce zai bi motar albasa zuwa Kudu, ko maganar ta kwanta kafin ya dawo.

Motar ta kife gaban Yawuri. A can aka rufe shi. Allah ya jiƙansa.

Hinde ta zo gaisuwa tana kuka, kukan gaskiya. Ta sami Ruwaida a kan tabarma cikin takaba, ta rame ta yi baƙi, Anisa na kwance a cinyarta. Da mata suka ragu, Hinde ta matso za ta kama hannunta. Ruwaida ta janye.

Ta ce, "Yaya, kwana ya ƙare, wannan na sani, ban ja da Allah ba. Amma an gaya mini wadda ta fara maganar lalle."

Hinde ta buɗe baki, ta ce, "Wallahi wasa ne..."

"Wata biyar na ƙarshe bai yi dariya ba cikin gidanga. Su nika kuka, Yaya. Ke da firji, ke da siminti, ni mi gare ni? Dariyar nan kaɗai. Mi tat tsare miki?"

Hinde ta koma gefe ta zauna. Ta yini a gidan, ƙanwarta ba ta sake duban inda take ba. Yau shekara uku ke nan, in sun haɗu a sha'ani gaisuwa ce kawai irin ta baƙi.

'Yan uwana mata, in kin ga gidan wata da daɗi, ki yi mata addu'a, ki koma ki nemo abin da zai sa naki dariya. Hassada ba ta ƙara miki komai, kuma farin cikin da kika rushe da bakinki, kukanki ba ya mayar da shi.