Kwantaccen Cikin Larai

Man da aka shafa mata a mararta sanyi gare shi, amma Larai ko motsi ba ta yi ba. Idonta na kan allon na'urar hoton ciki, a wani ɗan ɗakin asibiti a Gummi, tana laluben kan jariri cikin baƙi da farin da ke ta juyawa.

Inna, uwar mijinta Mu'azu, na zaune gefe rungume da zanen goyon da ta taho da shi tun daga Adabka. Ita ta fara cewa ciki ne, tun da al'adar Larai ta ɗauke. Da watanni suka wuce shiru, tsofaffin gari, waɗanda ba a rasa su da amsa, suka ce ciki ya kwanta, kuma kwantaccen ciki yakan yi shekara da shekaru bai tashi ba. Larai ta yi ƙiba, gashi ya tsiro mata a haɓa. Inna ta ce alamar namiji ce, har ta raɗa masa sunan ubansa. Aka sha jiƙo, aka sha rubutu. Dangi suka dame su da maganar rabon gona, Inna ta ce a jira jikanta ya sauka.

Malama Asma, mai ɗaukar hoton, ta daɗe tana zagaya marar kafin ta nuna allon da yatsa.

"Larai, babu kowa cikin mahaifa. Kin ga ƙananan baƙaƙen ga da sunka jeru kamar tasbaha? Ƙwai ne da ba su nuna ba, sun taru dama da hagu. Irin wanga ciwo shi ka ɗauke al'ada, ya kawo ƙiba da gashi. Zan rubuta ma likita ya tabbatar."

"Sake dubawa, ɗiyata," in ji Inna. "Barci shikai."

Asma ta sake dubawa. Larai ta ji duniya ta yi mata zafi, hawaye na gangara mata cikin kunne. Tausayi ya kama Asma, ta dafa kafaɗarta.

"Bar kuka, ana haihuwa da wanga. Ki komo da maigidanki a ɗora ki kan magani, in Allah ya so baɗi kina da goyo."

Inna ta ninke zanen a hankali, ta ɗora bisa cinya.

"Wane maigida, ɗiyata? Damina ukku ke nan da ramin zinari ya rufta da Mu'azu. Abin da ya bar muna munka zo gani."