Dattijon da Ya Buga Ƙwallo Baya

Tun da ka ce gaba kawai ka sani, ɗana, gyara zama in ba ka misali da abin da na gani da idona a filin ƙwallon lambu, wasan nan da ake kira golf, inda ake bin 'yar farar ƙwallo da sanda har a jefa ta rami, wanda bugunsa ya fi kaɗan shi ne ya ci. Wata shekara gasa ta tace mutane har ya rage saura biyu. Ɗaya matashi ne, ƙaƙƙarfa, in ya kai wa ƙwallo sanda sai ka ji ta yi fito ta ɓace a sama. Ɗayan dattijo ne, likitan dabbobi da ya yi ritaya, ya yi shekara da shekaru yana neman kofin nan yana kuɓuce masa, ga shi yanar ido ta fara rufe shi, kowa ya san daga wannan gasa ba zai sake shiga wata ba. Suka iso ramin ƙarshe kunnen doki. Sai iska ta taso ta kwashe bugunsu na farko, ta zubar da ƙwallayen biyu cikin wani kurmin maɗaci, kusa da juna. Daga nan kana hango tutar rami ta wata 'yar kafa tsakanin itatuwa biyu, faɗinta bai fi ƙofar rumbu ba, a bayanta kuma tafki ne. Matashin bai tsaya ba, ya auna kafar ya saki ƙarfinsa duka. Ƙwallo ta daki gindin maɗaci ta dawo ta wuce ta gefen kunnensa. Ransa ya ɓaci, ya sake bugawa tun numfashinsa bai daidaita ba, wannan karo ta fita ta kafar, amma ta faɗa tsakiyar tafki. Bisa doka aka ƙara masa bugu ɗaya na tara, aka ajiye masa wata ƙwallo a bakin ruwa.

Dattijon ya daɗe tsaye yana duban kafar nan. Mu da muke kusa mun ga yadda yatsunsa suka matse sanda har jijiyoyi suka tashi, don shi ma zuciyarsa tana son ta. Wani amininsa ya kasa daurewa, ya ɗaga murya ya ce masa ai hanya a buɗe take, ya buga kawai a gama. Dattijon ya ce, "Na gan ta, Alhaji. Ba tawa ba ce." Sai ya juya wa tuta baya, ya ɗan taɓa ƙwallo ta gangara ta fita fili, nesa da rami fiye da inda take a dā. Jama'a suka yi ta gunaguni, wasu suna cewa tsufa ya sa masa tsoro. Bai ko waiwaya ba. Ya buga ta ta tsallake tafki ta sauka a lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, amma da 'yar tazara. A lokacin matashin ya farfaɗo, ya yi wani bugu na gwaninta har ya jefa tasa, ya zama dole dattijon ya jefa da bugu ɗaya in yana son kofi. Ya sunkuya ya saita sanda, filin ya yi tsit. Sai ga rina ta sauka a bayan hannunsa tana tafiya a kan fata. Ni da nake kallo sai da tsikar jikina ta tashi, shi kuwa ko gira bai motsa ba. Ya fitar da numfashi a hankali, ya tura ƙwallo. Ta bi gangaren ciyawa kamar mai tunani, ta lanƙwasa, ta yi jim a bakin rami, ta faɗa. Ba a yi tafi nan take ba, mutane sun tsaya baki buɗe. Matashin ne ya fara tahowa, ya cire hularsa, ya kama hannun dattijon da hannu biyu, ya ce, "Baba, ƙarfi na kawo filin nan. Ashe ba shi ake zuwa da shi ba."

Kai ma, ɗana, in ka hango ƙofa ka ji zuciya tana ingiza ka, tsaya ka tambaye ta ko taka ce. Hausawa sun ce, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.