Muryar da Ke Cikin Na'urar Gem

Zauna tukuna, ƙanena. Ka ce na'urar gem ta yi tsada, kuma ka samu wanda zai kawo maka mai araha daga waje. Ban hana ka ba, amma bari in ba ka misalin wani mutum, sai ka auna da kanka.

Mutumin nan yana da shagon gem a bakin tasha, inda samari ke zuwa buga ƙwallo a talabijin, kuma da shagon yake ciyar da iyalinsa. Na'urarsa ta tsufa, tana ɗaukar zafi tana mutuwa ana tsakiyar wasa. Ya je kasuwa neman sabuwa, ya tarar farashi ya yi tashin gwauron zabi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne jin da ya yi cewa masu wasannin suna sassauta wa wasu ƙasashe marasa ƙarfi farashi, shi kuwa a garinsu sai ya biya da dala kamar attajiri. Yana cikin wannan ƙunci wani dillali ya ja shi bayan rumfa, ya nuna masa wata na'ura da ya ce ta fito daga ɗaya daga cikin ƙasashen nan, cike da wasanni an riga an biya. Sharaɗi ɗaya ne, kada ya goge sunan mai ita na farko, domin in ya goge, wasannin sun tafi. Wata farar ƙura irin ta siminti ta cushe ramukan iskarta, gefe guda kuma robar ta ɗan narke. Ya gani da idonsa, bai tambaya ba. Ya sayar da babur ɗinsa ya biya.

Da farko kasuwa ta buɗe, benci ya cika har wasu na tsaye. Duk sa'ad da aka kunna, sai wani suna ya fito da baƙin rubutun da ba mai iya karantawa, da hoton wani saurayi yana dariya. Samari suka saba da shi, har suna ce masa mai gida. Ran nan da la'asar, ana tsaka da ihun an ci ƙwallo, sai saƙon murya ya shigo. Wani ya danna. Muryar mace ce, tsohuwa, a dishe, tana maimaita kalma ɗaya a hankali, irin yadda ake kiran mai barci ba a so ya firgita. Washegari ta sake, jibi ma haka, kullum da zarar an kunna. Mutumin ya rage sauti, amma alamar saƙon ba ta daina fitowa a kusurwar talabijin ba, kuma kowa ya san abin da ke ciki. Samari suka fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce aljana ce, wasu kuwa sun dai daina bin ta ƙofar.

Akwai wani mai kemis a layin da ya yi karatu a waccan ƙasa kafin yaƙi ya ci ta. Mutumin ya kira shi ya saurara. Mai kemis ya ji saƙo ɗaya, ya nemi wuri ya zauna, sannan ya ce, "Ɗanta take kira. Cewa take, sun ce min gini ya rufta da kai, amma ga shi wayar ƙanwarka tana nuna ka kunna na'urarka. In kana da rai ka yi min magana."

Mutumin ya rasa inda zai sa kansa. In ya kashe na'urar, ya sake kashe mata ɗa. In ya bar ta, yana cin abinci da zuciyar uwa. Ya daure ya sa mai kemis ya gaya mata gaskiya, cewa na'urar tana wata ƙasa mai nisa a hannun wanda ya saya bai sani ba. Da amsar ta zo, ba zagi ba kuka. Roƙo ɗaya ta yi, cewa ya riƙa kunnawa ko na ɗan lokaci ne kullum, don ta ga sunan ya yi haske.

Ya yi mata. Samari ba su dawo ba, shagon ya mutu, ya koma dako a tasha. Amma kullum la'asar sai ya buɗe ƙofa, ya tayar da janareto da man da ya saya da guminsa, ya zauna shi kaɗai a benci, saurayin nan yana masa dariya daga talabijin. Daga baya saƙonnin suka ɗauke ɗif. Bai san ko ta rasu ba ne, ko tana can tana kallo shiru. Saboda rashin sanin nan, har yau bai iya dainawa ba.

To, ƙanena, tsada tana da ciwo, ban musa ba, kuma ba adalci ba ne a sa wa talaka farashin attajiri. Amma in ka ga abin da kowa ke kuka da tsadarsa ya zo maka a arha, ka tambayi hanyar da ya biyo. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.