Marinin da Ya Gaji Rami Bai Gaji Hannu Ba

Zauna, Barnaba, ja kujerar nan. Wai ba ka da sararin addu'ar safe, Littafi Mai Tsarki kuwa sai ran Lahadi kake kakkaɓe masa ƙura, amma in azumi ya zo za ka kulle ƙofa ka rama na shekara guda cikin kwana uku. Kai, ɗan'uwana, ka ba ni dariya! Bari in ba ka labarin wani marini.

Mutumin nan ya gaji ramin rini a wurin mahaifinsa, amma bai gaji hannun ba, don a birni ya girma, bai dawo ƙauye ba sai bayan rasuwar tsohon. Ana saura mako guda idin ɗaukar Uwa Maryamu zuwa sama, sai ga wata tsohuwa cikin matan zumuntar coci ta kawo masa farin saƙi. Ita ta kaɗa zaren, ita ta saƙa, wata biyar tana fama, ga ido ya fara gazawa, ta san ba za ta sake yin wani ba. So take a rina shi shuɗi a yafa wa siffar Maryamu ranar da za a zaga gari da ita. Gogan naka sai murna, baki har kunne, yau sunansa zai fito. Ya ce a ransa, in tsomawa ɗaya tana ba da launi, ai kwana biyu a rami zai ba da irin wanda ba a taɓa gani ba. Ya danna zanen cikin ruwan baba na rini, ya ɗora dutse, ya kama gabansa. Ran na uku ya tsamo, ya kai rafi ya ɗauraye. Wayyo! Launin nan ya bi ruwa yana kallo, zane ya fito dabbare-dabbare kamar an goge tukunya da shi. Ga idi ya matso, ga wahalar baiwar Allah a hannunsa, kuma babu wani saƙin.

Da tsohuwar ta zo ta gani, ko faɗa ba ta yi ba. Sai ta sa ya ɗauko mata carbin Rosari na mahaifinsa da ke rataye a ƙusa, da Littafinsa wanda gefen kowane shafi ke da shaidar yatsa shuɗiya. Shi da can datti ya ɗauke ta. Ta ce, "Ɗana, ubanka bai taɓa barin zane ya kwana a rami ba. In ya tsoma, yakan ja 'A gaishe ki Maryamu' goma ya ɗaga. In ya shanya, ya karanta aya ɗaya, yana juya ta a ransa har iska ta gama nata aikin. Sa'an nan ya koma."

Washegari da sassafe ya motsa ramin, ya tsoma, ya ja goma, ya ɗaga. Sai ga zane kore shar kamar ganyen rama! Saura kaɗan ya fashe da kuka. Ya daure ya shanya, ya buɗe Littafi ya karanta ayarsa, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Ɗaga kan da zai yi, sai ya ga koren nan yana rikiɗa a gaban idonsa, shuɗi yana bin zare yana shiga. Mutumin nan ya daka tsalle, ya yi ihu har awakin maƙwabta suka watse. Ashe iska ce ke kama launi! Shi ke nan, ya kama: tsoma, ɗaga, shanya, karanta. Kowace tsomawa ƙarinta ɗan kaɗan ne, in ka tsura ido ma ba za ka gani ba. Yau haka, gobe haka, jibi haka. Ayoyin kuwa suka riƙa binsa har kasuwa. Ran nan wani ya zage shi a kan hanya, ya buɗe baki zai rama, sai ya tarar ayar safiya ta riga zagin isowa harshensa, ya wuce abinsa yana mamakin kansa.

Ranar idi aka fito, ganguna na tashi, mata na waƙa, siffar Maryamu a kafaɗun samari, lulluɓe da zanen nan shuɗi mai duhu yana ɗaukar ido. Ka san halin watan Agusta. Ana tsakiyar gari hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Marini ya ce a ransa: in rinin nan ya zuba a kan farar fuskar Uwa, a gaban jama'ar gari duka, ina zai sa kansa, me kuma zai ce wa tsohuwa? Ya kutsa cikin taro, ya tara tafin hannunsa a ƙarƙashin bakin zanen inda ruwa ke tsiyaya. Ya duba. Ruwa garau, tas, kamar daga randa! Ya ɗaga hannun sama kowa ya gani, tsohuwa ta rangaɗa guɗa, aka ci gaba da zagaye cikin ruwa ana rawa, shi yana dariya yana hawaye.

To, Barnaba, ranar da ruwa zai kece a kanka tana nan tafe, ba ta kuwa yin sallama. Gobe da safe, kafin ka taɓa waya, ja gomarka, karanta ayarka ɗaya, ka fita da ita ta sha iskar yini. Kada ka raina ta don ƙanƙanta. Hausawa sun riga sun faɗa: da yayyafi kogi kan cika.